Friedrich Bergius

Friedrich Karl Rudolf Bergius (an haife shi ranar 11 ga Oktoba, 1884, ya mutu ranar 30 ga Maris, 1949) masanin ilimin sinadarai ne ɗan ƙasar Jamus. An fi saninsa da abubuwa biyu: hanyar mayar da kwal ya zama man fetur, wadda har yau ake kiranta da sunansa, da kuma hanyar narkar da itace da asid domin a fitar da sukari daga cikinsa. A shekarar 1931 ya samu kyautar Nobel ta ilimin sinadarai tare da Carl Bosch, saboda gudummawar da suka bayar wajen ƙirƙiro da bunƙasa dabarun sarrafa sinadarai a ƙarƙashin matsi mai ƙarfi. Aikin kwal ne ya yi masa suna a duniya, amma aikin itace ne ya cinye rabin rayuwarsa ta aiki da kusan dukan dukiyarsa.

Farkon rayuwa da karatu

An haifi Bergius a Goldschmieden, kusa da birnin Breslau, wanda a lokacin yake cikin Daular Jamus. A yau birnin yana ƙasar Polan, ana kiransa Wrocław. Mahaifinsa, Heinrich Bergius, yana da masana'antar sinadarai a garin, kakansa kuma malamin tattalin arziki ne a jami'ar Breslau. Yaron ya tashi yana shiga masana'antar mahaifinsa yana ganin yadda ake aiki da manyan tukwane da bututu, kuma wannan ya bi shi har ƙarshen rayuwarsa. Bai taɓa gamsuwa da abin da ya yi aiki a kwalbar gwaji ba sai ya ga an yi shi da tan-tan.

Kafin ya shiga jami'a, mahaifinsa ya tura shi Mülheim a yankin Ruhr, inda ya yi wata shida a wata masana'antar ƙarfe. A 1903 ya fara karatun ilimin sinadarai a jami'ar Breslau. Bayan ya yi shekara guda a aikin soja, ya koma jami'ar Leipzig, inda ya yi bincike a ƙarƙashin Arthur Hantzsch a kan amfani da tsantsar asid salfurik wajen narkar da wasu sinadarai. Ya samu digirin digirgir a 1907.

Daga nan ya yi aiki a Berlin tare da Walther Nernst, sannan a 1909 ya je Karlsruhe wurin Fritz Haber. Ya isa a kan gaɓa, domin a daidai lokacin ne Haber yake nuna cewa za a iya haɗa iskar naitirojin da ta haidurojin su ba da amoniya idan aka matse su da ƙarfi. A can Bergius ya ga abin da matsi zai iya yi. A wannan shekarar ya wuce Hannover, wurin Max Bodenstein.

Hannover da kwal ɗin da aka yi a tukunya

A Hannover, kayan aikin makarantar ba su ishe shi ba, sai ya buɗe ɗakin gwajinsa na kansa. Matsalar farko da ya fuskanta ba ta sinadarai ba ce, ta maƙera ce: yadda za a ƙera tukunyar ƙarfe da marfi da bakin bututu da za su riƙe iska mai zafi, a matsin da ya ninka na iskar da ke kewaye da mu sau ɗari uku, ba tare da ta tsiyaye ba. Ya shafe shekaru yana gyara waɗannan kayan.

Da su ne ya yi wani gwaji da ya buɗe masa hanya. Masana sun daɗe da sanin cewa kwal ragowar tsirrai ne da ƙasa ta binne miliyoyin shekaru. Bergius ya ɗauki selulos, wato sinadarin da ya fi yawa a jikin tsirrai, da kuma ruɓaɓɓen ciyayin fadama, ya zuba su cikin ruwa a rufaffiyar tukunya, ya dafa su a zafin da ya haura digiri 300. Saboda matsin, ruwan bai zama tururi ya gudu ba. Cikin sa'o'i kaɗan sai ga wani baƙin abu mai kama da kwal. Ya bayyana wannan aiki a rubutun da ya ba shi izinin koyarwa a jami'a a 1912, wanda aka buga a shekarar da ta biyo baya.

Tunanin da ya biyo baya mai sauƙi ne. Babban bambancin kwal da man fetur shi ne yawan haidurojin da ke maƙale da kabon: fetur yana da shi da yawa, kwal kuma kaɗan. Idan tsiro ya zama kwal ta hanyar rasa wasu sassansa, to me zai hana a cusa wa kwal haidurojin da ƙarfin tsiya har ya zama ruwa? Ya gwada a kan kwal ɗin da ya yi a tukunya, ya yi. Ya gwada a kan na ƙasa, shi ma ya yi. A 1913 ya yi rajistar haƙƙin mallakar wannan ƙirƙira.

Man fetur daga kwal

A 1914 Bergius ya koma Essen ya shiga kamfanin Th. Goldschmidt, wanda ya yarda ya zuba kuɗi a aikin. An fara gina masana'antar gwaji a Rheinau, kusa da Mannheim. Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ƙare ba tare da an samu man da za a sayar ba, domin abin da ya yi sauƙi a ƙaramar tukunya ya zama jidali a babba. Ta yaya za a riƙa zuba garin kwal, wanda busasshe ne, cikin tukunyar da ke ƙarƙashin matsi ba tare da an buɗe ta ba? Maganin da aka samu shi ne a niƙa kwal ɗin a kwaɓa shi da mai mai kauri ya zama kamar kunu, sannan a tura shi da famfo. A ciki yana haɗuwa da haidurojin a zafin da ya kai digiri 400 zuwa 450, da matsin da ya ninka na iska kusan sau 200.

A nan akwai wani abin lura game da katalis, wato sinadarin da ke hanzarta haɗuwa ko rabuwar wasu sinadarai ba tare da shi kansa ya ƙare ba. Bergius bai sa rai da katalis sosai a aikin kwal ba, domin an san farar wutar da ke cikin kwal tana kashe ƙarfin katalis ɗin da aka sani a lokacin. Yana dai zuba tsatsar ƙarfe domin ta kama farar wutar, kuma daga baya aka gane cewa ita ma tana taimaka wa aikin. Wanda ya warware matsalar shi ne Matthias Pier na kamfanin BASF, wanda ya samo katalis na molibdinam da tangistin waɗanda farar wuta ba ta kashe su, ya kuma raba aikin gida biyu.

A 1925, bayan kuɗi masu yawa sun shiga aikin ba riba, Bergius ya sayar da haƙƙinsa ga BASF, wanda a wannan shekarar ya narke cikin babban kamfanin IG Farben. A watan Afrilu na 1927 masana'antar Leuna ta fara fitar da fetur daga kwal. Ingila ma ta buɗe irin ta a Billingham a 1935. Shi kuwa Bergius ya fita daga harkar, ya mayar da hankalinsa kacokan kan itace.

Sukari daga itace

Wannan aiki ya fara shi tun 1916, a tsakiyar yaƙi, lokacin da jiragen ruwan Birtaniya suka toshe wa Jamus hanyar shigo da abinci, mutane da dabbobi suka shiga yunwa. Jamus tana da daji mai yawa, kuma masana sun san cewa itace cike yake da sukari, sai dai a ɗaure yake.

Busasshen itace ya ƙunshi manyan abubuwa uku. Kusan rabinsa selulos ne. Sai hemiselulos, sai kuma lignin, wanda shi ne ke manne sauran kamar ƙaro, yana ba itace tauri. Selulos ba wani abu ba ne illa ƙwayoyin gulukos da aka jera dubbai a sarƙa ɗaya. Sitacin da ke cikin masara ko rogo shi ma sarƙar gulukos ne, amma ɗaurin da ke tsakanin ƙwayoyinsa daban yake, cikin mutum yana iya kwance shi. Na selulos ba ya kwantuwa a cikin mutum. Shanu da awaki suna cin kara da harawa su ƙoshi ne saboda ƙwayoyin halittar da ke cikin tumbinsu suna yi musu wannan aiki, haka ma gara da ke cin azara. Bugu da ƙari, sarƙoƙin selulos suna kwanciya jikin juna su matse sosai, har ruwa ba ya samun hanyar shiga tsakaninsu.

Domin a tsinka sarƙar, sai ƙwayar ruwa ta shiga kowace gaɓa. Ruwa shi kaɗai ba ya yin haka cikin lokacin da zai yi amfani, sai da katalis, kuma a nan asid ne katalis ɗin. Tun a 1819 Bafaranshe Henri Braconnot ya nuna cewa asid salfurik mai ƙarfi yana mayar da tsumma da garin katako su zama sukari. Amma kusan shekara ɗari abin ya tsaya a ɗakin gwaji, saboda raba sukarin da asid ɗin yana da wuya, kuma idan za a zubar da asid bayan kowane zagaye, sukarin zai fi na rake tsada nesa ba kusa ba.

A 1913 Richard Willstätter da László Zechmeister suka gano cewa asid haidurokulorik, idan ƙarfinsa ya kai kusan kashi 40 cikin ɗari, yana narkar da selulos ba tare da an ɗora shi a wuta ba. Wanda ake sayarwa a kasuwa yakan tsaya ne a kusan kashi 37, kuma wannan ɗan bambanci shi ne kome: ƙasa da haka, selulos ba ya narkewa yadda ake so. Abin da ya ja hankalin Bergius shi ne, wannan asid asalinsa iska ce da aka narkar a ruwa, don haka ana iya fitar da shi ta hanyar tururi a sake amfani da shi. Katalis ɗin da za a iya dawo da shi shi ne kawai zai sa lissafin kuɗi ya fita. Ya yi aikin tare da Erik Hägglund, masanin sinadaran itace ɗan ƙasar Suwidin.

Yadda hanyar take aiki shi ne, a yanka itace ƙanana a busar da shi sosai, domin ko ɗan danshi zai rage ƙarfin asid ɗin. Sai a cika jerin manyan randuna da shi, asid ya riƙa bi daga wannan zuwa waccan. Sabon asid yana fara haɗuwa da itacen da ya kusa ƙarewa, wanda ya riga ya ɗauki sukari kuma yana haɗuwa da sabon itace, ta haka ruwan da ke fitowa a ƙarshe yana da kauri da sukari. Daga nan a zuƙe iskar cikin tukunya domin asid ya tashi a ɗan zafi kaɗan, saboda zafi mai yawa yana ƙona sukarin. Abin da ya rage garin sukari ne wanda ƙwayoyinsa suka ɗan sake haɗuwa ƙanana-ƙanana. Ana iya ba dabbobi shi a haka. Idan aka sake dafa shi da ruwa mai ɗan asid, sai ya koma gulukos da sauran sukari, a yi etanol da shi, ko a ciyar da yis wanda ake busarwa a ba dabbobi saboda furotin ɗinsa, ko a tace shi ya zama gulukos tsantsa. Lignin ɗin da ya rage a randa ana matse shi a yi makamashi. Daga busasshen itace ana samun kusan kashi biyu cikin uku na nauyinsa a matsayin sukari, wato kusan duk abin da ke cikinsa.

A wannan fanni hanyar ta fi abokiyar gasarta, wadda Heinrich Scholler ya ƙirƙiro aka kafa a Tornesch. Ta Scholler tana amfani da asid salfurik mai rauni ƙwarai a zafin da ya kai kusan digiri 170 zuwa 180. Kayanta sun fi araha, ba a damu da dawo da asid ba, amma zafin yana lalata wani ɓangare na sukarin, kuma ruwan da ke fitowa salala ne, bai dace da kome ba sai yin etanol da yis.

Sai dai asid ɗin Bergius mugun abokin aiki ne. Yana cin kusan kowane ƙarfe da aka sani a masana'antu a lokacin, tururinsa ma yana cin bututu da rufin gini, yana kuma cutar da huhun ma'aikata. Dole aka nemi kayan da za a shafe cikin randuna da su, aka kuma nemi hanyar ba tukunya zafi ba tare da asid ya taɓa ƙarfe ba. Fitar da asid na ƙarshe da ya maƙale a sukari da lignin shi ma ya ci shekaru. An yi gwaji a wata masana'anta kusa da Geneva a Suwizalan cikin shekarun 1920, sannan aka gina ta Rheinau a farkon shekarun 1930, shi ya sa ake kiran hanyar Bergius-Rheinau. A 1937 Bergius ya bayyana aikin dalla-dalla a mujallar Industrial and Engineering Chemistry ta Amurka.

Kyautar Nobel da bashi

Tun 1921 Bergius yake zaune a Heidelberg, inda gidansa ya zama matattarar masana da marubuta da 'yan siyasa. Yana rayuwa irin ta mai hannu da shuni, amma kuɗin da ya samu daga kwal yana zuba su a itace, kuma da tattalin arzikin duniya ya durƙushe bayan 1929 sai bashi ya yi masa katutu. Labarin da aka fi maimaitawa a tarihinsa shi ne cewa wani ma'aikacin kotu mai karɓar bashi ya bi shi har Stockholm domin ya riƙe kuɗin kyautarsa.

Kyautar ta 1931 ta bambanta da waɗanda suka gabace ta, domin an ba da ita ne ga mutane biyu da aikinsu ya fi karkata ga masana'anta, ba ga gano wata sabuwar ƙa'ida ba. Bosch shi ne ya mayar da gwajin Haber na amoniya ya zama babbar masana'antar takin zamani. Bergius ya kuma samu lambar yabo ta Liebig, da ta Wilhelm Exner a 1937.

Zamanin 'yan Nazi da yaƙi

Da Hitler ya hau mulki a 1933, gwamnatinsa ta ɗauki manufar dogaro da kai wajen mai da abinci, musamman a shirin shekara huɗu na 1936, wanda a zahiri shirin yaƙi ne. Abubuwan da kasuwa ta ƙi saboda tsada sai gwamnati ta rungume su. Aikin sukarin itace ya samu tallafi, aka gina babbar masana'anta a Regensburg, kuma Bergius ya farfaɗo daga bashi a ƙarƙashin wannan mulki.

Hanyarsa ta kwal kuwa ta zama ƙashin bayan yaƙin Jamus. Mafi yawan man da jiragen saman yaƙinta suka sha daga masana'antun cusa haidurojin ya fito, ya zarce abin da hanyar Fischer da Tropsch ta bayar nesa. An yi amfani da fursunonin yaƙi da mutanen da aka tilasta wa aiki, har da na sansanonin gwale-gwale, wajen ginawa da gudanar da wasu daga cikin waɗannan masana'antu, irin su na Pölitz da Blechhammer. Bergius ba shi ne ke tafiyar da su ba, tun da ya sayar da haƙƙinsa tun 1925, amma sunansa ne a kan hanyar, kuma ba za a iya ba da tarihinsa a tsallake wannan ba. Daga watan Mayu na 1944 jiragen ƙawance suka mayar da hankali kan ruguza waɗannan masana'antu, abin da ya gurgunta rundunar saman Jamus.

Shi kansa ya koma Berlin, inda wani harin sama ya rushe gidansa da ɗakin gwajinsa. Ya ƙarasa shekarun yaƙin a Ostiriya.

Ƙarshen rayuwa

Bayan yaƙi bai samu gurbi a Jamus ba. Ya yi aikin ba da shawara a Italiya, Turkiyya, Suwizalan da Sifen, sannan a 1947 ya yi ƙaura zuwa Ajantina, inda ya zama mai ba ma'aikatar masana'antu shawara a gwamnatin Juan Perón. Ya mutu a Buenos Aires yana da shekara 64, aka binne shi a maƙabartar Jamusawa ta birnin.

Aikinsa bayan mutuwarsa

Man fetur mai araha daga Gabas ta Tsakiya da sukari mai araha daga rake da gwoza sun rufe kasuwar hanyoyinsa biyu cikin shekarun da suka biyo bayan yaƙi. Masu binciken narkar da tsirrai kuma sun karkata zuwa wani nau'in katalis daban, wato enzayim. A lokacin yaƙin ne sojojin Amurka a tsibiran Solomon suka ga wata fumfuna tana cinye musu tantuna da tufafin auduga, kuma daga wannan fumfuna, Trichoderma reesei, ake samun yawancin enzayim ɗin da masana'antu ke narkar da selulos da su a yau. Enzayim ba ya cin ƙarfe kuma ba ya buƙatar zafi mai yawa, amma yana da jinkiri, kuma sai an fara farfasa itacen kafin ya iya shiga.

Duk da haka ayyukan Bergius guda uku sun sake dawowa. Dafa ragowar tsirrai cikin ruwa a ƙarƙashin matsi, gwajinsa na Hannover, ya samu sabon bincike tun daga tsakiyar shekarun 2000, musamman a hannun Markus Antonietti a Jamus, domin hanya ce ta mayar da jiƙaƙƙen shara da ragowar amfanin gona gawayi ba tare da an busar da su ba. A ƙasar Sin, kamfanin Shenhua ya fara aiki da babbar masana'antar mayar da kwal mai kai tsaye a Ordos a 2008. Hanyar Rheinau ma an koma mata, tun da yanzu akwai robobi da kayan shafe tukwane da asid haidurokulorik ba ya ci. A 2018 kamfanin Avantium ya buɗe masana'antar gwaji a Delfzijl ta ƙasar Holan, domin fitar da sukari da lignin daga ɓarɓashin itace bisa gyararren tsarin Bergius.